Sun iya CorelDraw tun kafin su zo, to me zan koya musu?

Wani matashi da aka ɗauka aikin koyarwa kwanan nan a sashen zane na wata jami'a ya turo mini tambaya. An danƙa masa darasin zanen isar da saƙo, wanda ɗalibai ke kira girafiks, na 'yan aji biyu da aji uku. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, rabin ajin sun fi ni saurin hannu a manhajojin zane na kwamfuta irin su CorelDraw da Photoshop, wasunsu ma da kuɗin fosta suke biyan kuɗin makaranta. Ga Canva a waya, ga ƙirƙirarriyar basira tana fitar da hoto kafin ƙiftawar ido. In na tsaya a gabansu, me zan koya musu wanda ba su sani ba?"

Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa ka fara a sa'a. Ka kwantar da hankalinka, don kowane malamin wannan fanni ya taɓa tsayawa inda kake tsaye. Lokacin da na fara, yaran da ke rubuta allon shago da buroshi ne suka fi ni hannu, na kuma sha kunya a gabansu. Sai da na yi shekaru kafin na gane cewa ni da su ba tsere muke yi ba. Abin da suka zo da shi, iya sarrafa kayan aiki ne. Abin da ba su zo da shi ba, kuma babu bidiyon YouTube da zai ba su, shi ne sanin abin da ke faruwa da takarda bayan ta bar hannunsu ta shiga hannun wanda aka yi dominsa. Nan ne gonarka.

Bari in ba ka labarin aikin da na fi ba 'yan aji biyu, don shi kaɗai ya ɗauke kusan rabin amsar.

Nakan ce kowa ya tsara takarda guda, girman A4, baƙi da fari kawai, wadda za ta nuna wa uwa yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa kuma ba a samu na leda da asibiti ke bayarwa ba. Ma'aunin sananne ne: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa, cewa wadda za ta karɓi takardar ba ta karanta boko. Sati ɗaya ake ba su. Abin da suke kawowa gwanin sha'awa ne, kwalba mai ƙyalli, inuwa a ƙarƙashin cokali, jariri yana murmushi. Ba na cewa komai. Sai mu nemi izini a wani ƙaramin asibitin unguwa ranar awo, mu raba takardun ga matan da ke zaune a benci, kowane ɗalibi ya tsaya kusa da tasa ya yi shiru, wata ɗaliba ta tambayi matar: "Baba, me takardar nan take ce miki ki yi?"

A nan ake yin ta. Wanda ya rubuta 1L a jikin kwalba sai ya ga babu wadda ta san ko mene ne. Cokalin da aka zana, wata ta ce na shayi ne, wata ta ce na cin shinkafa, tsakaninsu kuwa ninki uku ne. Wata tsohuwa ta fara karanta hotunan daga dama zuwa hagu, don makarantar allo ta yi, haka idonta ya saba tafiya, sai matakin ƙarshe ya zama na farko a wurinta. Mafi muni, a zanen baƙi da fari sukari da gishiri duk farin gari ne. Wata mata ta nuna cokula shidan ta ce gishiri ne. Na juya na dubi yaron da ya yi zanen, na ga jikinsa ya yi sanyi, domin ya san abin da cokali shida na gishiri zai yi wa jaririn da ruwan jikinsa ya riga ya ƙare. Laccar wata uku ba za ta koya masa abin da ya koya a wannan minti ɗaya ba.

Zagaye na biyu shi ne inda zanen gaskiya ke farawa. Wata yarinya ta cire kwalbar ta sa ledar fiya wata guda biyu, tunda kowace rabin lita ce kuma ko'ina an san ta. Wani ya jera matakan daga sama zuwa ƙasa, ya huta da rigimar dama da hagu. Wani kuma, don ya bambanta sukari, ya zana tururuwa suna zagaye shi. Matan suka yi dariya, kowa ta gane sukari ne, amma ɗaya ta ce ita ba za ta ba ɗanta sukarin da tururuwa suka hau ba. Aka koma zagaye na uku. Ka lura, a duk wannan babu inda CorelDraw ya taimaki kowa ko ya hana shi.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan hanya ba. A Vienna, tun shekarun 1920, Otto Neurath da abokan aikinsa suka gina tsarin bayyana alƙaluma da bayanai ta hanyar ƙananan hotuna, wanda daga baya aka sa wa suna Isotype. A shekarun 1950 matarsa Marie Neurath ta zo Ibadan ta yi wa gwamnatin Yankin Yamma ƙananan littattafai masu hoto kan ilimi, lafiya da zaɓe, kuma da ƙafarta ta zo, ta ga mutanen kafin ta zana musu. A Jamus, makarantar zane ta Ulm, wadda ta rayu daga 1953 zuwa 1968, ta buɗe sashe sukutum na isar da saƙo ta ido, ta shigar da ilimin alamomi da nazarin yadda ɗan'adam ke gani cikin manhajar masu zane. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Otl Aicher, shi ya jagoranci zanen alamomin wasannin Olamfik na Munich a 1972, waɗancan 'yan mutanen sanda da kowa ke ganewa ko wane harshe yake ji. Nakan kawo wannan tarihi ne bayan mun dawo daga asibiti. In ka fara da shi, haddace sunaye za su yi don jarrabawa. In ka kawo shi bayan sun sha kaye, sai su saurara kamar ana ba su labarin danginsu.

Shekarar farko kuwa, ko zangon farko in shi kaɗai ka samu, ka raba su da kwamfuta gwargwadon iko. Wannan gadon Bauhaus ne, makarantar da Walter Gropius ya buɗe a Weimar a 1919, inda kowane ɗalibi sai ya bi ta darasin share fage na launi, siffa da kayan aiki kafin ya zaɓi fanni. Fensir, rula, reza, gam, baƙin kwali da fari. Ka ce su yanka murabba'i huɗu baƙaƙe su liƙa a farar takarda yadda mai kallo zai ji cunkoso, sannan da murabba'in nan huɗu dai su nuna kaɗaici. Za su yi gunaguni su ce an mayar da su firamare. Bar su. Kwamfuta tana ba yaro damar gwada abu hamsin ba tare da ya yi tunani a kan ko ɗaya ba, reza kuwa in ta yanka ta yanka, dole ya duba kafin ya sa hannu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to wannan idon ake horarwa. Ga shi kuma ranar da aka ɗauke wuta, janaretan sashe babu mai, ajinka ba ya tsayawa.

Kada ka bari su ɗauka cewa duk wannan ilimi daga Turai ya sauko. A Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu a 1958 saboda wannan ƙorafi: ana koya musu zane kamar babu wanda ya taɓa zane a ƙasarsu. Suka ce a ɗauki dabarar baƙo a haɗa da abin gida. Har yau maganarsu ba ta tsufa ba. Ka fita da ɗalibanka cikin gari. Su tsaya gaban zanen bangon tsofaffin gidaje, su zana dagi da hannu har su gane yadda igiyarsa ke shiga tana fita. Su je wurin masu ɗinkin babbar riga su ga yadda ake daidaita aska takwas a ƙirji, inda aka cika da inda aka bar fili. Su dubi allon zayyana na mai sauka, su dubi bayan manyan motoci a tasha. Amma ka ja musu kunne, don akwai wata lalaci da ke shigowa ta nan: yaro ya gama tambarinsa na kamfanin ruwa, sai ya manna dagi a gefe ya ce ya saka al'ada. Ni ina rage maki a kan wannan. Abin da nake so ya ɗauko daga mai ɗinki shi ne yadda yake tunanin fili da nauyi. Kwafin surar kowa ma zai iya.

Yanzu bari in zo inda nake ganin mu masu koyarwa a ƙasar Hausa muka fi sakaci, wato haruffa.

Mafi yawan aikin mai zanen saƙo rubutu ne. Hoto ƙari ne. Amma za ka ga ɗalibi ya kai aji huɗu bai taɓa tsara shafi ɗaya na Hausa ba, duk atisayensa da Ingilishi. Ranar da aka ba shi aikin Hausa sai ya zaɓi salon haruffan da ya burge shi, ya tarar babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Ɗayan uku ke faruwa. Ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo daban ya fito kamar baƙo a cikin kalma, ko ya fito ɗan akwati, ko yaron ya cire lanƙwasar ya huta. Na ukun ya fi yawa, shi ya sa kake ganin manyan allunan talla an rubuta kasa inda ake nufin ƙasa, kafa inda ake nufin ƙafa, bata inda ake nufin ɓata. Mai karatu yana ganewa daga mahallin magana, haka ne, amma an sa shi tuntuɓe a inda ya kamata ya wuce salin alin, kuma an nuna masa ba a ɗauki harshensa da muhimmanci ba. Maganin ba shi da tsada. Akwai salon haruffa na kyauta da suke da waɗannan duka, irin su Charis da Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, da jerin Noto na Google. Ka sa doka: kafin kowa ya zaɓi salo, ya buga ɓ ɗ ƙ da manyansu ya gani. In aikin na Nijar ne ya ƙara ƴ, domin can haka suke rubuta abin da mu a Najeriya muke rubutawa 'y. Ga 'yan aji uku nakan ba da aiki mai wuya: su ɗauki salon da ba shi da ƙ su zana masa ita da kansu, yadda lanƙwasar za ta yi kama da 'yar gida. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba ya sake kallon harafi kamar da.

Sai ajami. Ka ce kowa ya fito da kuɗin aljihunsa ya ɗora a tebur. Naira 200, 500 da 1000 suna ɗauke da ƙimarsu da ajami. Naira 5, 10, 20 da 50 an cire musu shi a 2007, aka sa Hausa, Igbo da Yarabanci da boko, haka ma naira 100 ta cika shekara ɗari da aka fitar a 2014 babu ajami. Ba rigimar siyasar nake so ka buɗe ba, ko da yake za ta buɗe kanta. Tambayar aji ita ce: wa ke iya karanta wannan, wa ke iya karanta wancan, kuma wanda bai iya ko ɗaya ba da me yake gane kuɗi? Za su gano da kansu cewa da launi da hoto yake ganewa. Daga nan ka ba su aikin shafi mai rubutu biyu, boko daga hagu, ajami daga dama, ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Akwai salon Alkalami da SIL ta yi bisa rubutun Kano, akwai salon Harmattan, duk kyauta. In kana da hali ka nuna musu tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, su ga cewa tsara shafin Hausa a maɗaba'a tsohuwar sana'a ce a garin nan.

Maɗaba'a ma aji ce. Sau ɗaya a zango ka kai su wurin masu buga takardu, su ji warin tawada, su ga yadda launi huɗu ke hawa ɗaya bayan ɗaya. Shuɗin da ke walƙiya a fuskar kwamfuta haske ne, a takarda kuwa tawada ce, shi ya sa yake fitowa a dushe. Su koyi barin milimita uku a gefe saboda wuƙar yanka, su koyi cewa hoton da aka ɗauko daga WhatsApp ba zai yi babban ƙyallen talla ba, su taɓa takarda mai giram 80 da mai 300 su ji bambanci a yatsa. Mai injin da bai gama sakandare ba zai gaya musu gaskiyar da kai za ka yi ta kwana-kwana kafin ka faɗa. Wata shidan da suke yi na sanin makamar aiki a SIWES, ka matsa su yi shi a irin waɗannan wurare, kada su je ofishin kawu suna sa hannu a rajista.

Abin da zai fi ba ka wahala ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Zaman duba aiki ne, inda kowa ke liƙa nasa a bango a tattauna. Tsarin ya ginu ne a kan cewa ɗalibi zai dubi aikin abokinsa ya faɗi aibinsa a bainar jama'a, mu kuwa an tarbiyyantar da mu da kunya da kara. Ka tambayi aji ra'ayinsu, sai ka ji "Ya yi kyau, Malam." Ka faɗi naka, kowa ya gyaɗa kai, ko da shirme ka faɗa. 'Yan mata sukan koma baya su yi tsit, alhali sau da yawa su ne suka ga matsalar tun farko. Na yi shekaru ina fama, ga abin da ya yi mini aiki. Na haramta kalmar kyau a situdiyo. Mai aikin ba ya magana sai a ƙarshe, don fosta a titi ba ta da mai yi mata bayani. Ana rufe aikin, a buɗe daƙiƙa uku, a sake rufewa, sai kowa ya rubuta a 'yar takarda abin da idonsa ya fara gani da abin da ya fahimta, babu suna. In mutum ashirin sun rubuta cewa hoton shugaban ƙungiya suka gani, babu wanda ya ga ranar taron, to babu wanda ya ci mutuncin kowa, takardun ne suka yi magana. Ni kuma nake yin magana a ƙarshen kowa, kuma lokaci-lokaci nakan liƙa tsohon aikina da ya lalace su yi kaca-kaca da shi. Bayan sati biyar ko shida sai ka ga baki ya buɗe, sun yarda cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wajen ba da maki, kada ka auna takardar ƙarshe ita kaɗai, don ita ake iya saya a shagon kwamfuta ko a sa na'ura ta yi. Kowa ya riƙe littafin zane mai kwanan wata: wa ya tambaya, me aka ce masa, zane nawa ya gwada ya watsar, me ya canza bayan gwaji. Ni rabin maki a nan nake sa shi. Wannan ne kuma amsata kan ƙirƙirarriyar basira. Ban hana ba, hanawar ma ba za ta yiwu ba. Wanda ya yi amfani da ita ya rubuta a littafinsa, ya kuma kare kowane abu da ke cikin hoton. Sau da yawa za ka ga an ce manomin Katsina, ta fito da mutum cikin tufafin da babu mai sa su a Katsina, riƙe da fartanyar da ba a noma da irinta a nan. Ɗalibin da bai lura ba, shi ne bai yi aikinsa ba.

Manhajojin kwamfutar fa? Ka ba waɗancan masu saurin hannun awa biyu a sati su koya wa sauran, kai kana zaune a baya. Za su ji an girmama su, kai ma za ka tsinci dabara ɗaya ko biyu. Abin da za ka ƙara musu shi ne lissafin sana'a, wanda yawancin manhajojin karatu suka yi shiru a kansa: yadda ake yanka farashi, karɓar kafin alƙalami kafin a taɓa aiki, rubuta sau nawa za a yi gyara kyauta, da sanin cewa hoton da ke intanet yana da mai shi. Ka kuma shirya su ga alhajin da zai ce a ƙara girman hotonsa, a ƙara launi, a cika wancan filin da aka bari don shi kuɗin takarda duka ya biya. Nakan tuna musu da tutar Najeriya. Zanen da Taiwo Akinkunmi ya aika gasar 1959 yana da jar rana a tsakiya, alƙalai suka cire ta, abin da ya rage shi ne yau yaro ɗan firamare ke iya zanawa da ka. Iya fahimtar da mai kuɗi cewa ragewa ma aiki ne, wannan sai an yi ta atisaye, don haka nakan zama alhajin a aji su gwada shawo kaina.

Ka ce ranar Litinin za ka fara. Ga abin da zan yi in ni ne. Kada ka shiga da laccar gabatarwa. Ka ce su ajiye jakunkuna, kowa ya ɗauki waya, ku taka zuwa tashar mota mafi kusa ko bakin kasuwa. Kowa ya ɗauko hoton sanarwa uku: wadda ya gane tun daga nesa, wadda sai da ya matsa, da wadda har ya bar wurin bai san me take so ba. Kowa kuma ya tambayi mutum ɗaya a wurin, ɗan kamasho ko mai shayi, me wancan allon ke cewa, ya rubuta amsar yadda aka faɗe ta. Ka gargaɗe su su yi sallama su nemi izini kafin su ɗaga waya a gaban shagon mutum. Ranar Laraba su bugo hotunan baƙi da fari su liƙa a bango, ka tanadi gam da babban kwalin da za a riƙa rufe su da shi.